Nigel Farage: ya faɗi zaɓe sau bakwai, yanzu ana maganar ko zai zama firaminista

A zaɓen Birtaniya na ranar 4 ga Yulin 2024, jam'iyyar Reform UK ta Nigel Farage ta samu ƙuri'a miliyan 4.1, amma da kujera biyar kacal ta tashi a majalisar da ke da kujera 650. Jam'iyyar Liberal Democrats, wadda ƙuri'unta kimanin miliyan 3.5 ne kawai, ta kwashi kujera 72. Ita kuwa Labour, da kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'un, ta haɗiye kujera sama da 400, kusan biyu bisa uku na majalisar. Wanda ya gane yadda aka yi wannan rabo ya gane rabin labarin Farage, domin tsarin da ya cuce shi a ranar shi ne yanzu zai iya ɗaga shi sama.

Kada mai karatu a Abuja ya ce ina ruwansa. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya sun nuna cewa a shekarar da ta ƙare a Yunin 2023, 'yan Najeriya kimanin 141,000 ne suka shiga ƙasar domin karatu ko aiki ko bin iyali, kuma Indiyawa ne kaɗai suka fi mu yawa. Da wuya ka zauna a wata majalisa a Gwarimpa ko Kubwa ba a samu mai ƙani a Manchester ko mai 'ya tana aikin jinya a Birmingham ba. Waɗannan mutane su ne jarin siyasar Farage. A kansu da ire-irensu yake hawa mumbari.

An haife shi a 1964 a yankin Kent, ya yi makarantar kuɗi ta Dulwich a Landan, bai shiga jami'a ba, ya faɗa dillancin ƙarafa a kasuwar Landan. Wato dai ba ɗan talakawa ba ne, ko kusa. Ya bar jam'iyyar Conservative a 1992 saboda yarjejeniyar Maastricht da ta ƙara ɗaure Birtaniya da Tarayyar Turai, aka kafa jam'iyyar UKIP, mai neman ficewa daga Tarayyar, da shi a 1993. Daga 1999 zuwa 2020 yana zaune a Majalisar Turai, yana karɓar albashinta yana zaginta. A gida kuwa sau bakwai yana neman kujerar majalisar dokoki yana shan ƙasa, sai a karo na takwas ya ci mazaɓar Clacton a 2024. Amma tun kafin nan ya riga ya yi abin da firaministoci da yawa ba su yi ba. Matsin lambar UKIP, wadda ta zo ta ɗaya a zaɓen Majalisar Turai na 2014, tana cikin abin da ya tilasta wa firaministan lokacin, David Cameron, shirya ƙuri'ar raba gardama, kuma a ranar 23 ga Yunin 2016 kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai.

To me mutane suka gani a jikinsa?

Abu na farko alkawarin da aka yi ta saɓawa ne. A 2010 Cameron ya ce zai rage yawan baƙin da ke ƙaruwa a ƙasar kowace shekara zuwa ƙasa da dubu ɗari. Bai iya ba. Aka ce wa jama'a in an fice daga Tarayyar Turai ƙasar za ta riƙe ƙofarta da hannunta. Aka fice, sai adadin ya haura 900,000 a shekara guda a 2023, a ƙarƙashin gwamnatin Conservative ɗin da ta yi alkawarin. Ga kuma masu tsallaka teku daga Faransa cikin ƙananan kwale-kwalen roba, sama da mutum 45,000 a 2022 kaɗai. Idan aka kwatanta su da masu shiga da biza, 'yan ƙalilan ne, amma su ake nunawa a talabijin, kuma su aka riƙa ajiyewa a otal-otal da kuɗin da ya kai fam miliyan 8 a kullum a 2023. Gwamnati ta ce za ta kwashe su zuwa Rwanda, aka kashe kusan fam miliyan 700, mutum huɗu kawai suka tafi, su ma da raɗin kansu, kafin Keir Starmer na Labour ya zama firaminista a 2024 ya soke shirin. Farage bai buƙaci ƙirƙirar komai a nan ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya tsaya a bakin teku da kyamara ya ce ga shi nan.

Sai kuma halin rayuwa. Hauhawar farashi ta kai kashi 11 cikin ɗari a Oktoban 2022, abin da mu zai ba mu dariya amma su rabonsu da ganin irinsa shekara arba'in. Masu jiran a duba su a asibitocin gwamnati a Ingila sun haura miliyan bakwai. Kuɗin haya ya fi ƙarfin matasa. Clacton da ya ci gari ne na bakin teku da ya ga jiya, tsofaffi sun yi masa yawa, kuma a cikin mazaɓar akwai unguwar Jaywick da alƙaluman gwamnati suka sha bayyanawa a matsayin mafi talauci a Ingila. Mutumin irin wannan wuri ya gwada Conservative shekara 14, ya gwada Labour, wadda tana hawa ta yanke wa miliyoyin tsofaffi tallafin ɗumama gida na lokacin sanyi. Idan wani ya zo ya ce masa duk kanwar ja ce, kuma baƙi ne suka cika layin asibiti, ba zai tsaya tambayar su wane ne ke aikin jinya a asibitin ba. Alhali da yawansu baƙin ne, har da namu.

Na ukun shi ne mutumin kansa, kuma a nan ko maƙiyinsa zai sallama masa. Yana da baki. Yana magana kamar mai hira a teburin mai shayi, kofin giya a hannu, sigari a ɗaya hannun, yana dariya da ƙarfi. Sauran 'yan siyasa suna auna kowace kalma kamar masu tsoron lauya, shi kuwa yana sakin magana. Yana da shiri a tashar GB News, ya shiga wani shirin nishaɗi na talabijin a 2023 ya zo na uku, kuma a TikTok ya bar sauran shugabannin jam'iyyu a baya. Duk abin da aka yi masa sai ya mayar da shi riba. An watsa masa madara a jiki a Newcastle a 2019, aka sake a Clacton a 2024. Bankin Coutts ya rufe masa asusu a 2023, ya tono takardun da suka nuna an yi la'akari da ra'ayinsa na siyasa, rikicin ya ci kujerar shugabar bankin NatWest da ya mallaki Coutts, Alison Rose. Kowane irin wannan ya ƙara tabbatar wa magoya bayansa cewa manya sun tsane shi, don haka nasu ne.

Masu ƙinsa ma suna da hujja a hannu. Ana saura mako guda ƙuri'ar 2016 ya ƙaddamar da wani ƙaton hoto na dogon layin 'yan gudun hijira, yawancinsu daga Gabas ta Tsakiya, hoton da aka ɗauka a iyakar Slovenia, ba ma a Birtaniya ba. Har wasu daga cikin jagororin neman ficewa sun nesanta kansu da shi. A Yulin 2024, da aka kashe yara mata uku a Southport, ƙarya ta bazu cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira ya yi kisan. Farage ya saki bidiyo yana tambayar ko ana ɓoye wa jama'a gaskiya. Aka kai wa masallaci hari, aka yi yunƙurin ƙona otal ɗin masu neman mafaka a Rotherham, daga baya ta tabbata cewa wanda ya yi kisan haifaffen Cardiff ne. Farage ya ce tambaya kawai ya yi. Wannan ita ce gwanintarsa: yana zuwa bakin layi ya tsaya, ya bar wasu su tsallaka. Ya ƙi yarda ya haɗa kai da Tommy Robinson, fitaccen mai tsanar Musulmi, har abin ya jawo Elon Musk ya ce a Janairun 2025 a sauya shi daga shugabancin jam'iyya. Ya ɗauko Musulmi, Zia Yusuf, ɗan baƙi daga Sri Lanka, ya ba shi shugabancin gudanar da jam'iyyar. Amma a Yunin 2025 wata 'yar majalisar Reform ta miƙe ta nemi a haramta sanya niƙabi, Yusuf ya yi murabus, bayan kwana biyu ya dawo. Duk wanda yake son sanin inda jam'iyyar ta tsaya kan Musulmi, ya dubi wannan makon, zai ga ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can.

Mu koma lissafi, don a nan maganar take.

A Birtaniya ba a zaɓen firaminista kai tsaye. Zaɓe 650 ake yi a rana ɗaya, kowace mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a ya tafi da kujerar, ko da da ƙuri'a ɗaya ya fi, kamar dai yadda muke zaɓen 'yan majalisar wakilai. Jam'iyyar da ta haɗa kujera 326 ita ke kafa gwamnati. Babu sharaɗin kashi 25 a biyu bisa uku na jihohi irin na shugaban ƙasa a nan, babu zagaye na biyu irin na Faransa inda aka taru aka kayar da Marine Le Pen, mai adawa da shigowar baƙi, a 2017 da 2022. A irin wannan tsari, jam'iyyar da ke da kashi 14 a warwatse ko'ina tana zuwa ta biyu ko ta uku a ko'ina, ta tashi a tutar babu. Haka ta faru da tsohuwar jam'iyyarsa UKIP a 2015: ƙuri'a kusan miliyan 3.9, kujera ɗaya. Haka ta faru da Reform a 2024, inda ta zo ta biyu a mazaɓa 98, kuma 89 daga ciki Labour ce ta ci su.

Amma idan kason ya tashi zuwa 30, sauran kuma suka rabu gida huɗu ko biyar, sai abin ya juye gaba ɗaya. Wanda ke zuwa na biyu a ko'ina ya koma na ɗaya a ko'ina. An ga samfurin haka a ranar 1 ga Mayun 2025. Reform ta ci kujerun kansila 677, ta karɓe majalisun yankuna goma ciki har da Kent da Durham, ta ci magajin gari biyu, ta kuma ƙwace mazaɓar Runcorn da Helsby daga hannun Labour da ratar ƙuri'a shida. Durham fa gidan Labour ne na masu haƙar kwal tun kaka da kakanni. Daga wannan lokaci har ƙarshen 2025, kusan duk wata ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a Reform ce a gaba, tana yawo a kusa da kashi 30, Labour da Conservative kowacce na fama a kusa da 20 ko ƙasa da haka. Sai a tuna cewa da kashi 34 Labour ta samu gagarumin rinjayenta.

Saboda haka a ganina ƙarfin Farage ba a yawan masoyansa yake ba. Mutum bakwai cikin goma ba su tare da shi, kuma da yawa daga cikinsu ba rashin so ba ne kawai, ƙi ne mai zafi. Ƙarfinsa yana cikin rarrabuwar waɗannan bakwai ɗin: wasu Labour, wasu Conservative, wasu Liberal Democrats, wasu Green, ga SNP a Scotland, ga Plaid Cymru a Wales. Tambayar da za ta raba gardama ita ce ko a kowace mazaɓa za su iya gane wane ne zai iya kayar da ɗan takarar Reform, su toshe hanci su ba shi ƙuri'a. An ga hakan a zaɓen cike gurbi na Caerphilly da ke Wales a Oktoban 2025. Reform ta sa rai sosai, ta samu kashi 36, amma magoya bayan Labour suka kwashe kayansu suka koma Plaid Cymru, wadda ta ci da kashi 47. Sai dai zaɓen cike gurbi guda ɗaya, inda duk idon ƙasa ke kai, daban yake da zaɓe 650 a rana ɗaya. A mazaɓu da dama mai ƙuri'a ba zai ma san wa ke gaba ba balle ya yi dabara. Kuma ba tabbas mai ra'ayin Conservative zai zaɓi Labour don ya tare Farage; da yawansu Farage ɗin ya fi musu kusa.

Mu a nan mun taɓa ganin ɗan siyasar da ke da miliyoyin masoya na a-mutu amma suka kasa kai shi. Buhari ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011. A 2011 ya samu ƙuri'a miliyan 12 da ɗoriya, amma CPC gwamna ɗaya ta samu, a Nasarawa. Sai da aka yi majar APC a 2013, ya zauna da mutanen da magoya bayansa suka yi shekaru suna zagi, har da gwamnonin PDP biyar, sannan ƙofa ta buɗe a 2015. Mutanen biyu ba halinsu ɗaya ba, amma matsalar ɗaya ce: farin jini ba ya tsare akwati, ba ya fitar da ɗan takara mai hankali a kowace mazaɓa. Farage ya gane haka, shi ya sa ya buɗe ƙofa ga masu sauya sheƙa daga Conservative. Danny Kruger ya shigo a Satumban 2025, Robert Jenrick da Suella Braverman da Nadhim Zahawi suka biyo a Janairun 2026. Sun kawo masa gogewar mulki da ba shi da ita. Amma Braverman ita ce ministar cikin gida, Jenrick kuma ministan shige da fice, a daidai lokacin da adadin baƙi ya kai ƙololuwa. Mutumin da ya gina sunansa a kan cewa waɗancan sun ci amanar ƙasa, yanzu su ne a dama da hagunsa. Mun san yadda irin wannan take ƙarewa.

Akwai wasu duwatsun a kan hanyarsa. Tarihinsa cike yake da ɓatawa da na kusa da shi. Ko a Maris ɗin 2025 sai da aka dakatar da Rupert Lowe, ɗaya daga cikin 'yan majalisarsa biyar. Jam'iyyar har farkon 2025 kamfani ce da shi ke da mafi yawan hannun jarinta, kuma har yanzu in ka cire shi ba a san abin da zai rage ba. Kan tattalin arziki yana son ya gamsar da gida biyu da ba sa ga maciji: attajirai masu son a rage haraji, da ma'aikatan tsoffin garuruwan masana'antu masu son gwamnati ta kashe kuɗi a kansu. Ya nemi gwamnati ta karɓe kamfanin ƙarafa na Scunthorpe, abin da ɗan gurguzu zai yi alfahari da shi, sannan a Nuwamban 2025 ya janye alkawarin rage haraji na kusan fam biliyan 90 da jam'iyyarsa ta yi a 2024. Turawan ba su manta da tsohuwar firaminista Liz Truss ba, wadda irin wannan lissafi ya kayar cikin kwana 49 a 2022. Ga batun Rasha: ya taɓa cewa Yammacin duniya ne ya tsokano mamayar Ukraine, kuma tsohon jagoran Reform a Wales, Nathan Gill, an ɗaure shi fiye da shekara goma a Nuwamban 2025 saboda karɓar cin hanci don yin kalaman goyon bayan Rasha. Ita kanta ficewa daga Tarayyar Turai, babban aikin rayuwarsa, yanzu mafi yawan masu amsa tambayoyin jin ra'ayi suna cewa kuskure ce. Sannan majalisun yankunan da suka karɓa sun zama madubi. Sun shiga da alkawarin toshe ɓarna, suka tarar yawancin kuɗin yana tafiya ne a kula da tsofaffi da yara, abin da doka ta wajabta. Kent ma sai da ta ƙara haraji.

Kuma akwai lokaci. Doka ta ba gwamnati har zuwa Agustan 2029 kafin ta kira zaɓe. A siyasa wannan tafiya ce mai nisa.

Inda ya fi samun sauƙi shi ne ɓangaren Conservative. Kemi Badenoch, wadda ta girma a Legas kuma ta karɓi jagorancin jam'iyyar a Nuwamban 2024, ta gaji gidan da ya faɗo zuwa kujera 121, mafi muni a tarihinsa. Mu 'yan Arewa muna tuna ta ne da hirar da ta yi a Disamban 2024, inda ta ce ita Bayarabiya ce, ba abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, ta kuma haɗa mu da Boko Haram; a watan ne Kashim Shettima ya ce in ta ga dama ta cire Kemi daga sunanta. Wannan a gefe. Matsalarta ita ce duk abin da ta faɗa kan baƙi, Farage ya riga ta faɗa, kuma shi ba ya ɗauke da laifin shekara 14 na mulki.

Idan aka matsa mini in faɗi hasashe, zan ce ya fi yiwuwa Reform ta fito jam'iyya mafi yawan kujeru ba tare da ta kai 326 ba, a kan ta samu cikakken rinjaye. Daga nan sai ciniki, kuma abokin cinikin da ya rage mata Conservative ce kaɗai. Farage ya taɓa janye 'yan takararsa daga mazaɓu 317 a 2019 don ya share wa Boris Johnson, firaministan Conservative na lokacin, hanya, kuma ya sha nuna cewa bai ji daɗin sakayyar da aka yi masa ba. Wannan karon shi zai so a janye wa.

Amma ga iyalan da ke da 'ya'ya a can, ba sai an jira 2029 ba. Tsoron Farage ya riga ya sauya dokoki. Tun Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai tafiya da mata da 'ya'ya, a Maris aka hana masu aikin kula da tsofaffi, a Yulin 2025 aka rufe ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga waje gaba ɗaya. Kwanaki kaɗan bayan kayen 1 ga Mayu, gwamnatin Starmer ta fitar da shirin mayar da wa'adin samun izinin zama na dindindin daga shekara biyar zuwa goma, da rage bizar bayan kammala karatu daga shekara biyu zuwa wata 18. Labour ce ta yi wannan, jam'iyyar da yawancin baƙi ke zaɓa. Shi kuwa Farage ya ƙara gaba: a Agustan 2025 ya ce zai kori mutum har 600,000 cikin shekara biyar, a Satumba ya ce zai soke izinin zama na dindindin ɗin baki ɗaya, har ga waɗanda suka riga suka samu, kowa ya riƙa sabunta biza a kan sharuɗɗa masu tsauri.

A Wuse Zone 4 ake ganin ƙarshen wannan zare. Idan lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo, za ka ga dattijo ya faka mota, 'yan canji sun yanyame tagar, ɗaya ya miƙo waya yana nuna masa farashin fam. Da can lissafin mai sauƙi ne: a sayar da fili a Lugbe ko Karu, yaro ya yi digiri na biyu shekara guda, ya samu aiki, bayan 'yan shekaru ya samu takardar zama, ya fara turo abin da aka kashe. Yanzu ɗan canjin da kansa ne zai ce, "Alhaji, ka dai yi shawara, can ɗin ma ƙofa ake ja." Wanda ya tafi a 2022 da lissafin shekara biyar yana iya wayar gari ya ga saura shekara shida ko bakwai, kowace sabuntawa da kuɗin biza da harajin asibiti na kowane mutum a gidan. Wasu sun fara duba Kanada da ƙasashen Larabawa, wasu kuma suna gaggawar neman fasfon Birtaniya da zarar sun cancanta, tunda shirin Reform bai taɓa wanda ya riga ya zama ɗan ƙasa ba.